An Ce Gira, Muka Ji Gyara

Tun da labarin tafiyarmu ƙasar Benin ya bazu ban huta da tambaya ba. In na zauna wurin mai shayi a Wara, kafin a zuba mini ruwan zafi wani ya matso: "Malam Umaru, wai gaskiya na kun tahi neman aure anka sa ku dashen ciyawa?" Abokan makaranta da ke Kaduna da Minna su ma sun dame ni a waya, kowa da irin gishirin da aka ƙara wa labarin kafin ya iso masa. Wani ma cewa ya yi ya ji an ɗaure mu. Ba a ɗaure kowa ba. Ga yadda aka yi daga bakin wanda ƙugunsa ya yi ciwon, in ya so a bar ni in sha shayina.

Nasiru ɗan marigayi yayana ne, a hannuna ya tashi. Jirgin ruwa yake tuƙawa, yana kai albasa da kifi banda har Lolo, bakin iyaka. A can ya haɗu da Balkisa, wadda ke zuwa cin kasuwa daga wata tunga ta tsallake. Sa'o'insa duk sun aje iyali, an nuna masa 'yan mata har an gaji, wannan ce kaɗai ya taɓa buɗe baki ya ce yana so, shi ma ta bakin uwarsa, Yaya Rabi. Na san in ta kuɓuce masa ba lallai ya sake buɗe bakin ba, ni kuma ban san da wane ido zan dubi yayana gobe kiyama ba. Don haka na ce zan je da ƙafata in nema masa.

Akwai abin da ya kamata ku sani kafin mu shiga jirgi. Gonata ta albasa tana bakin rafin da ke bi ta bayan tungarmu ya faɗa tafki, kuma ruwan rafin matanmu ke ɗiba. Kafin tafiyar nan an yi shela daga wajen hakimi cewa kowa ya ja da baya daga gaɓa, a bar ciyawa da itace su tsaya tsakanin gona da ruwa, saboda taki da maganin feshi. Ni na fi kowa ɗaga murya a taron. Na ce ƙasar bakin ruwa ita ce tsokar gona, wanda ya ce in bar wa macizai ita ya zo ya ciyar mini da gida. Aka yi mini tafi. Doka ta kwanta a inda aka karanta ta, muka ci gaba da noma har fartanya tana taɓa ruwa.

Abokin tafiyata Haruna ne, taubashina, ɗan ƙanwar babana. Ya yi shekara da shekaru tsaye kan injin niƙa a kasuwar Wara har kunnensa ya yi nauyi, amma ko za a yanka shi ba zai yarda ba. In bai ji magana ba, ba ya cewa a maimaita, sai ya ƙera tasa ya amsa. Yaya Rabi ce ta nace a tafi da shi, wai yana da fara'a, ni kuwa fuskata ba ta neman aure ba ce.

Farkon damina muka tashi, lokacin da tafki ya ja baya, kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun zamanin kakanni suka leƙo da kawunansu. Nasiru da kansa ya tuƙa mu zuwa Yauri, yana karkata jirgi tsakanin kututturan, bai yarda ya haɗa ido da ni ba. Kayan gaisuwarmu goro ne da kifi banda da buhun albasa wadda na zaɓa ɗaya bayan ɗaya daga gonata. Haruna ya ɗora rigar ruwa a kan babbar riga ya koma kamar kabewa, wata Bafulatana mai ƙwaryar nono tana kallonsa tana rufe baki. Wata Bakambara da ke gefena tana da kwandon kaji, ashe tun da muka bar Wara zakaranta ya zuro kai yana tsattsage ganyen da aka lulluɓe goro da shi. Da na yi magana ta ce ai zakara ma ɗan biki ne. A mashigar Yauri Nasiru ya sauke mana kaya, ya tsaya yana naɗe igiyar jirgi wadda take a naɗe.

"Baba, a yi mani ƙoƙari," in ji shi. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Muka sauka a zauren wani dillalin albasa da na daɗe ina hulɗa da shi. Ya sa aka yi mana tuwon shinkafa da miyar kifi karfasa, muka ci har muka kwance tazuge. Shi ya sha zuwa tsallake, sai ya ja mana kunne.

"Ku dai bi a hankali. Mutanen can in sunka ce doka, to doka ta."

"Doki?" in ji Haruna. "Mi za mu yi da doki ga mota?"

Da safe aka cusa mu cikin wata ƙaramar mota, buhun albasa a kan cinyata. A ƙasar Shanga garken shanu ya tare hanya kusa da wata 'yar gada, direba ya kashe mota. Wani dattijon Bafulatani da ke kusa da ni ya nuna rafin da ke ƙasa da sandarsa, ruwan ja wur.

"Dubi wanga ruwa. Da nan mashaya ta. Yanzu an nome har baki, nagge ta sha ta kwana tana zawo."

Na ce, "Ardo, ku ma shanunku ba lallaɓawa su kai ba in za su shiga ruwa. Su ka rushe gaɓa."

Muka yi ta yi har Koko, shi yana kare saniya ni ina kare fartanya, sauran fasinjoji suna zuga mu. Da zai sauka ya sayo fura da kindirmo ya miƙo mana ta taga, ya ce in jiƙa maƙogwaro tunda na sha aiki. Daga nan muka karya yamma, muka ƙetare Kuwara ta gada, muka bi ta Illo. Hanyar ba ta da daɗi, amma ba ta kai yadda ake faɗa ba.

A Lolo jami'in da ke duba takardu ya fara da Haruna.

"Ina za ku?"

"Haruna Mai-inji."

"Na ce ina za ku? To, mi kunka ɗauko cikin buhu?"

"Neman aure."

Mutumin ya yi dariya har ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga masu aure a buhu. A ɗaya ɓangaren muka iske rana ta take, su kuwa can in rana ta take komai tsayawa yake yi, ofis da shago, har mai facin taya. Jandarma ya nuna mana inuwar wata bishiya, ya ce cikin Hausa mai daɗi mu huta tukuna, ba a gudu da aure. Ni da na saba a tsaya a yi ta hayaniya har a biya bukata, sai na rasa wanda zan yi hayaniyar da shi. Muka sayi burodinsu, dogo siriri mai ɓawo, Haruna ya ce in mun gama ci ya rage a ba shi ya dogara.

Abin da ya sanyaya mini jiki shi ne albasa. Muna wuce shinge sai ga ta tsibi-tsibi a bakin hanya, ja, manya, wasu sun fi tawa. Na ɗauko buhu tun daga Wara, ashe garin masu abin na kawo wa. Haruna ya dubi tsibin ya dubi buhuna, kuma wannan kallon ya fi zagi ciwo.

'Yan kabu-kabu suka kai mu tungar da la'asar. Mahaifin Balkisa, Malam Saini, gajere ne mai farin gemu, ba ya gaggawar magana. A cikin gida Dandanci suke yi, amma da mu Hausa yake yi irin tamu ta yamma. Ya karɓi albasata hannu biyu kamar bai taɓa ganin irinta ba, nan na san mutumin kirki ne. Balkisa ta kawo ruwan baƙi a ƙwarya, ta durƙusa ta gaishe mu. Yarinya mai natsuwa, amma idonta na dariya ne. Ina duba ƙwaryar na hango zanen da ke gindinta tas ta cikin ruwan. Na ce ashe suna da famfo.

"Na rahi na, Baba," in ji ta.

Ban yarda ba, amma baƙo ba ya musu. Mu namu ruwan rafin sai an jefa masa alif ya kwana a randa kafin a iya ba mutum ba tare da an ba shi haƙuri ba.

Abincinsu kuwa sai wanda ya saba. Aka kawo wani tuwon masara a naɗe cikin ganye, sanyi ƙalau, mai tsami, suna ce masa akasa, da soyayyen kifi da jajjage. Haruna ya kai loma, ya matso kusa da kunnena zai yi raɗa. Raɗar mai nauyin kunne kuwa kun san ta, har maƙwabta sun ji.

"Umaru, tuwon ga ya lalace, kak ka nuna masu!"

Inna Gambi, uwar Balkisa, tana bayan zana, dariya ta kusa kayar da ita. Daga ranar ta sa masa suna Mai-raɗa. Kafin mu bar garin shi ke neman ƙari.

Ba a tayar da maganar aure ranar da aka sauka, don haka da yamma Malam Saini ya ce mu je mu ga lambunsa. Lambu ne mai kyau, an gyara fangali an ja kwalbati, sai dai bai kai ruwa ba. Tsakaninsa da rafi akwai wata doguwar sarƙaƙiya, jema da gamba da 'yan giyayyu, ta bi gaɓa har inda ido ya tsaya. Ƙasa baƙa mai laima, irin wadda in ka dasa albasa sai ta yi kan jariri, an bar ta haka nan. Raina ya sosu. Na ce a zuciyata bawan Allah ya tsufa, 'ya'yansa mata ne, ba mai kama masa. Na tsaya duba injin ban ruwansa, su biyu suka yi gaba, na ji Haruna ya ɗaga murya.

"Malam Saini, wagga ciyawa hwa?"

Dattijon ya amsa a hankali yadda ya saba, ban ji abin da ya ce ba. Daga baya na san cewa ya yi, "Wagga? Gira ta." Ku mutanen gabas da kuke cewa "gira ce", mu nan "gira ta" muke cewa. Haruna ya dawo wurina yana murmushi.

"Ka ji? Ya ce a gyara ta."

Ban yi musu ba, don abin da ke raina ke nan. Kuma a wurinmu wanda ya je neman aure ba ya zama yana cin tuwo kawai, sai ya nuna hannu a gonar suruki. Maƙwabtanmu Kambari ma shekaru saurayi ke yi yana noma kafin a ba shi mata. Na ce to, albasa ta kunyata mu, adda za ta fitar da mu.

Ana idar da sallar asuba muka zari adda da lauje da fartanya daga zaure, ba mu gaya wa kowa ba don abin ya zo masa ba zato. Haruna ya ga wani turke mai jan fenti a bakin ciyawar, ya ce Allah ya yi wa wanda ya kafa shi albarka, ya rataye rigarsa. Muka duƙa. Shi yana sara, ni ina bi da fartanya ina tumɓuke saiwa, don ni ba na aikin rabi da rabi. Kafin rana ta yi zafi mun buɗe fili mai faɗin zaure tun daga lambu har ruwa, fes, ƙasa tana ƙamshi. Wallahi na ji daɗin aikin nan, har ina lissafa fangali nawa zai ɗauka.

Matan da suka zo ɗiban ruwa ne suka fara ganinmu. Wata ta saki tulu ta ɗora hannu a ka, ta yi ihu da Dandanci, wata ta fassara mana da Hausa: "Wayyo, sun aske gira!" Can sai ga Malam Saini a guje, mutumin da ko magana ba ya gaggawarta, hularsa ta faɗi bai tsaya ɗauka ba. Ya tsaya a bakin filin yana haki.

"Baƙina," ya ce, "mi na yi muku?"

"Kai kac ce a gyara ta!" in ji Haruna.

"Gira! Gira nic ce!" Ya sa yatsa yana dangwalar girarsa. "Gira, wagga ta bisa ido!"

Na dubi Haruna, Haruna ya dubi adda. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, na so ƙasar da na tona ta haɗiye ni. Abin da ya fara zuwa mini a rai Nasiru ne, tsaye a mashigar Yauri yana naɗe igiya.

A ƙarƙashin bishiyar maigari muka ji sauran bayani. Dokar hukuma ce, kuma garin ya riƙe ta da gaske. Daga turke mai jan fenti zuwa ruwa ba a sa fartanya, ba a sa wuta, ba a feshi, ba a wanke tankin feshi. Shanu suna da mashayarsu daban, an zuba mata duwatsu. In rani ya yi ana iya yankar kan jema don zana, amma ba a taɓa gindinta. Sun ce akwai shekarun da maganin gonakin auduga ya riƙa gangarowa, kifi yana tasowa ciki sama, yara suna fama da ciki, shi ya sa da dokar ta zo ba su yi mata gardama da yawa ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin, Malam Saini ne shugaban masu tsaron gaɓar. Ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ya taɓa sa wa hukunci a kan abin da bai kai rabin namu ba, ga ƙanen nan zaune a taron yana shafa gemu.

Bayan hutun rana ma'aikaciyar gandun daji ta iso a kan babur, mace cikin kaki, abin da ban saba gani ba. Ta zagaya filin, ta ɗaga wata saiwa da na tumɓuke ta juya ta, ta tambaya wa ya yi wannan aiki mai kyau haka. Na ce ni ne. Ta ce hukuncin garin shi ne wanda ya sare ya dasa. Malam Saini ya miƙe ya ce baƙinsa ne, laifin baƙo na mai gida ne, shi zai dasa. Na ce ina, hannun da ya tumɓuke shi zai mayar. Haruna ya tambaye ni me aka yanke, na gaya masa da ƙarfi, ya ce shi dama tun farko bai yarda da aikin ba.

Haka muka koma 'yan ƙwadago a garin da muka je da babbar riga. Ana raba gindin jema ƙanana-ƙanana, a dasa a jere kusa da kusa, layi bayan layi, a gicciye da gangaren. Sara ya ɗauke mu safiya guda, dashe ya ci mana kwanaki. Mata in za su wuce sai sun ce, "Sannunku da aski!" Balkisa tana kawo mana abinci, ta aje ta juya da sauri don kada mu ga tana dariya. Wata rana Inna Gambi ta zo da kanta, ta iske ni na miƙe ina sharce zufa, ina gunaguni a kan ƙasa mai kyau da ake ba ciyawa.

"Malam Umaru, in kana noma zuhwa na zubo maka daga goshi, mi ka tare ta kada ta shiga ido?"

Na ce gira.

"To gona ma tana zuhwa. Taki na, magani na, laka ta. Ku Hausawa ku ka cewa idon ruwa, ba mu ba. Kun ba shi ido kun hana mai gira."

Na ce mata magana dai ba ta cika rumbu. Ta ce haka ne, ta ɗauki kwanonta.

Ba maganarta ce ta kama ni ba, ruwan sama ne. Wata rana da hantsi hadari ya haɗu aka kwarara ruwa, muka fake a bukkar lambu. Da ya ɗauke muka fito, sai na ga ruwan gonaki ya gangaro ja, ya shiga cikin jema hagu da dama ya ɓace, abin da ke tsiyayowa ta ƙasa kaɗan ne, kuma ya tace. Amma ta filin da muka aske, inda dashenmu bai kama ba, jan ruwa ya bi ya yi hanya ya shiga rafi, ya yi wani dogon harshe har tsakiya, daidai inda mata ke ɗiba. Na tsaya ina kallo. Launin na san shi sarai, shi ne launin rafinmu duk damina, wanda tun ina yaro na ɗauka haka Allah ya yi ruwan damina. Malam Saini yana gefena, bai ce ka gani ba, ni ma ban ce na gani ba.

Ranar da muka gama dashe muka yi wanka, muka sa manyan riguna, muka gabatar da abin da ya kawo mu. Dattijon ya saurara har ƙarshe.

"Yaron na san shi, ba ni da abin cewa. Ɗiyata kuma tana so nai. Ku ma na ga ba ku da ƙyuya, wanga kam na gani da idona." Aka yi dariya, shi bai yi ba. "Amma mutanen da in sunka ga ciyawa bakin ruwa hannunsu ka ƙaiƙayi, ina tunanin wane ruwa su ka sha. Ɗiyag ga ba ta san alif ba. In kaka ta yi ina zuwa in ga ruwan da za ta sha, ita da ɗiyanta. Sannan mu yi magana."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Muka juyo da buhun da ya kai albasa cike da gindin jema. A Lolo jami'in nan ya gane mu, ya buɗe buhu ya ga ciyawa, ya tambayi Haruna ina amaryar. Haruna ya ce, "Lahiya lau."

Nasiru yana jiranmu a Yauri. Na gaya masa yadda aka yi ban rage komai ba. Ya ɗauki buhun ya sa a inuwa cikin jirgi, ya yayyafa masa ruwa.

Kada ku ɗauka abin ya zo mini da sauƙi. Fangalin da suka fi ba ni albasa su na bari, har yau in na tuna sai na ji zafi. Ni da Nasiru muka ja layi, muka kafa turaku, muka dasa jema. Mutanen da suka yi mini tafi a taron hakimi suka riƙa tsayawa a kan hanya: "Malam Umaru, macizan sun gode!" Maƙwabcina na sama, wani Bakambare, ya zo ya duba ya karɓi saiwa, don gaɓarsa tana zubewa. Na bi sauran gida-gida, wasu suka ja da baya kaɗan don kunyata, wasu suka ce in sun ga amarya sa yi. Zuwa kaka jema ta kai ƙugu, gamba da sauran ciyayi sun cika tsakani, bayan tungarmu ya yi duhu.

Ranar da Malam Saini zai iso na je Wara na tarye shi, muka shigo kwalekwale don in nuna masa rafin tun daga bakinsa. Abin da ban sani ba, Yaya Rabi ta kwana da tunanin babban baƙo zai zo ya ga bayan gari ya zama daji, ya ce ƙazamai ne. Ina fita ta tara samarin tunga gayya, ta dafa musu shinkafa, ta ce a share hanya, a share bakin rafi.

Muna karyo kwana na hango su, samari da adduna suna gangarowa. A gabansu kuwa, tsakaninsu da jema, mutum guda ne tsaye da sanda ya ware ƙafafu. Haruna ne, yana ihu iyakar ƙarfinsa.

"Gira ta! Gira ta, ku 'yan banza!"

Samarin suna amsa masa, "To Baba, ai gyaran munka zo yi! Kauce mu gyara ta!"

Ban san lokacin da na diro daga kwalekwale ba. Na nutse cikin laka har gwiwa da babbar rigata, ina ɗaga hannu ina dangwalar girata da yatsa kamar mahaukaci, ina cewa ta bisa ido, ta bisa ido! Da ƙyar suka tsaya, ba a sari ko kara ɗaya ba. Na waiwayo ina haki, sai na ga Malam Saini ya riƙe gefen kwalekwale yana dariya har hawaye na bin gemunsa. Duk zamanmu a garinsu ban taɓa ganin haƙoransa ba.

Da ya natsu ya sunkuya ya kamfato ruwa a tafin hannu, ya daɗe yana dubawa. Na san bai yi hasken nasu ba, damina ɗaya ba ta isa ba. Nasiru yana can bayan samari, Yaya Rabi ta fito da ludayi a hannu.

"Ruwan da saura," in ji shi. Ya zubar, ya dubi jema, ya dubi Haruna da har yanzu bai sauke sanda ba. "Amma garin da anka samu mai tsaron ciyawa da sanda, ruwa nai na kan hanya. A sa rana."

Yaya Rabi ta rangaɗa guɗa. Nasiru ya juya baya ya rufe fuska da hula. Ni kuwa a tsaye cikin laka na ji wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi tun rasuwar yayana ya sauka, na yi hamdala a fili. Haruna ya matso ya yi mini raɗarsa: "Mi yac ce? A sake dashe?"

An ɗaura aure, Balkisa tana gidanmu, har yanzu tana jefa alif a randa amma ta ce ya ragu. Da aka ciro ni daga lakar ranar nan da takalmi ɗaya na fito. Yara sun sha cewa in ba su fartanya su tono mini ɗayan. Na ce ba a sa fartanya a nan, a bar shi.